Shinkafar da Ukasha Ya Ƙi Ci

Masu magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ukasha ya san wannan karin maganar tun yana yaro a Damagaram, amma sanin magana daban, taka ƙaya daban.

Ɗalibi ne a birnin Alƙahira, yana karatun fiƙihu, yana zaune a wani ɗaki hawa na sama a unguwar Ard al-Liwa tare da abokinsa Isufu, mutumin Maraɗi. A can ya haɗu da Fatna, 'yar ƙasar Komoro, wasu tsibirai da ke tsakiyar teku can gabas da Afirka. Ita ma karatu ya kawo ta. Sun daidaita kansu, magana ta kai ga aure, sai ga hargitsin shekarar 2013. Aka yi ta harbe-harbe a tituna, aka sa dokar hana fita, danginta suka aiko mata da tikiti suka ce ta taho gida ko da takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ta tafi. Bayan 'yan watanni ta bugo masa waya ta ce ba za a bar ta ta koma Masar ba sai in da aure, kuma ba mahaifinta ne mai bayarwa ba. A garinsu kawu, wan uwa, shi ne mai faɗa a ji. In yana son ta, ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban kawun.

Ranar da zai tashi, sanyin hunturu ya kama Alƙahira har haƙora na haɗuwa. Isufu ya rako shi bakin titi inda ake shiga ƙananan motocin haya, yana riƙe masa jaka yana mita.

"Kai dai ba ka da kai. Wa ya taɓa zuwa neman aure shi kaɗai kamar maraya? Ba baffa, ba kawu, ba ko tsohon da zai yi maka tari a zaure."

"To in ɗauko su daga Damagaram a aljihu?"

"Ka auri 'yar gida mana. Ga Nana Khadija can a Giza, kullum sai ta tambaye ni lafiyarka."

"Yalla, yi sauri, ba ni jakata."

"Ma'alish, yi haƙuri, ango. In suka jefa ka a teku ka yi mini wasiyyar bargonka."

Jirgi ya kwana da shi a hanya, aka sauya wani a Nairobi, da hantsi ya leƙa ta taga ya ga ruwa ta ko'ina, shuɗi har ƙarshen gani, sai wani ƙaton dutse da gajimare ya rufe wa kai. Da aka buɗe ƙofar jirgi zafi ya buge shi a fuska, ba irin zafin Damagaram mai busar da leɓe ba, wani zafi mai laima kamar an kifa masa tukunyar ɗumame. Ga shi cikin rigar sanyi ta Masar. Kafin ya kai inda ake duba takardu gumi ya jiƙe shi har wando.

Ma'aikacin ya juya fasfo ɗinsa gaba da baya, ya tambaye shi da Faransanci me ya kawo mutumin Nijar nan. Ya ce ziyara. Wajen wa? Ya faɗi sunan ƙauyen da sunan Ya'ƙub, kawun Fatna. Mutumin ya ɗago ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya buga hatimi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake gaya wa mai zuwa cire haƙori.

Ba wanda ya zo tarbarsa. Ya shiga wata tsohuwar motar haya da aka cusa mutane kamar buhunan albasa, aka kama hanyar arewa. Ƙasar baƙa ce ƙirin, duwatsu masu kaifi kamar an ƙone su jiya, amma a kansu ayaba da bishiyoyin kwakwa da mangwaro sun yi duhu. Hagu teku na dukan duwatsu yana kumfa. Shi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Nilu ba, sai ya riƙa kawar da kai. Matan da ke cikin motar sun shafe fuskokinsu da wani abu rawaya kamar ƙullun gero, suna ta magana da yarensu suna dubansa. Ya yi sallama da Larabci, aka amsa a taƙaice, aka ci gaba da dubansa.

Direba ya sauke shi a bakin wani dandali da ke gaban masallaci, ya nuna masa wani lungu da haɓa. Tsofaffi na zaune a kan dakali suna wasan dara irin tasu. Suka tsaya cak. Babu wanda ya ce masa sannu da zuwa, sai wani dogo, baƙi, mai farin gemu da hula mai zanen zinariya ya miƙe da sanda a hannu.

"Kai ne na Masar?"

Ukasha ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa suruki, ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ja da baya.

"Me ka yar a ƙasa? Tashi. Nan Allah kaɗai ake yi wa haka."

'Yan dakali suka kwashe da dariya. Wannan shi ne Ya'ƙub. Ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a ƙasar Faransa, Faransancinsa mai kauri ne, kuma da shi suka yi duk maganar ranar.

Ya kai shi gidan ƙanwarsa, uwar Fatna, don a can gida na mace ne, miji shi ke tarewa. Aka shigar da shi falo, aka zaunar da shi a kujera mafi kyau. Ya'ƙub ya zauna gabansa, wasu maza biyu na dangi suka zauna gefe. Ukasha ya buɗe jaka ya fito da ƙunshin goro da ya sha wahalar samu wajen wata Hajiya 'yar kasuwa a Alƙahira, ya ajiye a gaban dattijon da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Goro ne, Baba. A wajenmu da shi ake buɗe maganar alheri."

Ya'ƙub ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya gatsa. Fuskarsa ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Amma bai tofar ba. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya nemi ruwa.

"In wannan ne alherinku, ban so in ga sharrinku ba. Kuma me ya sa ba ka duban mutane? Ka yi sata ne?"

"Girmamawa ce, Baba."

"Hm."

Aka yi tambayoyi. Ubanka na da rai? Me yake yi? Ƙasarku akwai teku? In babu teku me kuke ci? Birnin da ake harbe mutane a titi, can za ka mayar mana da yarinya? Ukasha na amsawa a hankali, gumi na bin bayansa. Rabonsa da abinci tun wani ɗan burodi da aka ba su a jirgi, cikinsa har ƙugi yake yi.

Can sai labule ya motsa, uwar Fatna ta shigo da ƙaton faranti, wata mata na biye da ita da kwanoni. Shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, fara sol, tana tururi. Ga miyar ganyen rogo da aka daka aka dafa da kifi, ga wani jan kifi guda an gasa shi, ga kaza. Tun asuba matar nan take tsaye a kan murhu. Fatna ta sha ba ta labarin yadda Ukasha ke share kwano biyu na koshari, dafa-dukan Masarawa, a zama ɗaya a shagon da ke kusa da makarantarsu, har uwar ta ƙara mudu a kan abin da ta saba. Aka jera komai a gabansa. Uwar ta ja gefe ta tsaya, hannu a ƙugu, tana murmushin da bai gama fitowa ba.

To, a nan ne aka yi ta. Ɗan Hausa da aka yi wa tarbiyya ba ya cin abinci gaban surukai. Ko yunwa za ta kashe shi. Abin da aka sani, a kai masa abinci wani ɗaki, a ja masa ƙofa, ya ci kaɗan, ya bar saura don kada a ce an kawo mayunwaci. Mahaifin Ukasha har ya tsufa bai taɓa kurɓar ko ruwa a gaban kakarsu ta wajen uwa ba. Saboda haka Ukasha ya zauna yana jiran su tashi su ba shi wuri. Su kuwa suna jiran baƙo ya sa hannu, don a wajensu ba mai fara ci kafin baƙo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tururin shinkafa ya fara raguwa.

"Bismillah," in ji Ya'ƙub.

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi."

"Na ƙoshi, wallahi an gode. Allah ya saka da alheri."

"Me ka ci? Gajimare?"

Daga bayan labule wata murya ta fito ƙasa-ƙasa, da Larabcin Masar, muryar da ya ƙetare teku don ya ji. "Ukasha, ka ci. Don Allah ka ci."

Jin muryarta ma sai ya ƙara masa kunya. A ce ga uwarta tsaye, ga kawunta, ga ita kanta tana leƙe, shi kuma ya buɗe baki yana tura loma? Ya ƙara sunkuyar da kai, ya ɗan tura farantin gaba da yatsa, alamar ladabi a ganinsa.

Uwar ta ga yatsan nan. Ta faɗi wata kalma ɗaya da yarensu, ta juya ta shige. Ya'ƙub ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce lokacin azahar ya yi. Ba wanda ya taɓa abincin.

A masallaci aka bar masa sarari hagu da dama kamar mai ƙyanda. Da aka sallame kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ce masa taho. Ya fito ya tsaya a rana, jiri na ɗibarsa. Ya bi wata gangara da ta nufi bakin teku don ya sami inuwa, sai hanci ya jawo shi. Wata mata ce zaune a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, tana gasa 'yan tsinkayen nama a kan gawayi, kamar tsire amma ba ƙuli, gefe kuma ga soyayyar ayaba da rogo. Yunwa ba ta san malami ba. Ya nuna da hannu, ta zuba masa a takarda, ya zagaya bayan wani kwalekwale da aka kife a kan duwatsu, ya tsuguna, ya shiga ci hannu baka hannu ƙwarya. Ya koma ya ƙaro.

Abin da bai sani ba, ƙauyen duka dangi ne. Mai naman nan 'yar ƙanwar kakar Fatna ce, kuma ita ce ta gyara kazar da ya ƙi ci. Bai gama lashe yatsu ba labari ya riga shi hawa gangara.

Yana ɗagowa ya ga inuwar sanda a kan kwalekwalen.

"A ci lafiya, Ustaz," in ji Ya'ƙub. Mutum huɗu ko biyar na bayansa. "Ashe ƙoshin naku na Masar ba ya daɗewa."

Ukasha ya miƙe, maiƙo a leɓe, tsinke a hannu. Ya rasa inda zai sa tsinken.

"Baba, ba yadda kuke zato ba ne."

"Taho ka faɗa a gaban mutane. A gaban mutane ka yi."

Aka tasa shi gaba har dandali. Kafin la'asar wurin ya cika, maza a kan dakali, mata a bakin lungu sun ja mayafai sun rufe rabin fuska. Ya'ƙub ya aika, aka ɗauko farantin nan kamar yadda aka bar shi, aka dire a tsakiyar fili a kan tabarma. Shinkafar ta huce ta dunƙule, man kwakwa ya daskare a kan miya, ƙudaje sun samu.

"Ƙanwata ta ce in tambaye ka," in ji Ya'ƙub da ƙarfi, yana yi yana juya wa jama'a da yarensu. "Ƙazanta ka gani a hannunta? Ko an gaya maka muna sa wa baƙi magani a abinci?"

"Subhanallahi. Ko ɗaya, Baba. Al'adarmu ce. A wajenmu mutum ba ya ci gaban uwar matarsa. Kunya ce, girmamawa ce. Da ban ɗauke ta uwa ba da na ci."

Ya'ƙub ya fassara. Aka yi guna-guni, wata tsohuwa ta yi tsaki mai tsawo.

"Sun ce wace irin girmamawa ce a bar mace da tukunya cike, a je a tsuguna bayan kwalekwale kamar kyanwa? Kai malami ne, ko? A wane littafi ka karanta cewa in an kira ka abinci ka ƙi?"

Ukasha ya san babu. Abin da ke cikin littafi ma akasin haka ne, kuma shi da kansa ya sha karantar da shi.

"Ba a littafi ba ne. A gida na koya."

"Gidanku. Ka ga gidanku a nan? Duba da kyau." Ya nuna teku da sanda, ya nuna dutse. "To ga magana ɗaya. Wanda zai auri 'yarmu a gidan uwarta zai riƙa ci, a gabanta, har ya mutu. Ga abincin da ka raina. Zauna ka ci, kowa na gani, mu san bakinka na buɗuwa a gabanmu. In ka ci, gobe mu zauna mu yi maganar Fatna. In ba ka ci ba, motar Moroni, babban birninmu, tana wucewa kafin magariba."

Gaskiya dattijon bai rufe ƙofa ba. Ya ƙuntata ta dai, yadda sai an sunkuya za a shiga. Kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ukasha ya duba bakin lungu, ya hango Fatna a bayan uwarta, ta rame, idanunta sun yi ja, tana gyaɗa masa kai a hankali. Ya tuɓe takalmi ya hau tabarmar. Ya zauna. Aka kawo buta ya wanke hannu. Ya kore ƙudaje, ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah a zuci, ya kai hannu har yatsunsa suka nutse cikin shinkafar mai sanyi.

Da Ya'ƙub ya kama bakinsa a nan, da an wuce wurin. Amma mutum ne da ba ya iya cin nasara shiru. Ya juya wajen 'yan dakali, ya ce da Faransanci don baƙon ya ji:

"Ku ba shi wuri. A Marseille kullum ana nuna ƙasarsu a talabijin, yara da manyan cikuna suna bin motar agaji. Yau dai ɗaya daga cikinsu zai kwana da ƙoshi."

Waɗanda suka ji Faransanci suka yi dariya, waɗanda ba su ji ba suka tambaya, aka gaya musu, su ma suka yi.

Hannun Ukasha ya tsaya a cikin farantin. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya tuna rumbunan mahaifinsa, ya tuna yadda ko a shekarar fari ba a taɓa rufe ƙofar zaurensu lokacin tuwo ba. Zuciya ta taso masa. Shekara da shekaru yana haɗiye irin wannan a titunan Alƙahira, yaran unguwa na kiransa da sunayen banza yana wucewa kamar bai ji ba. A ce yau ma, da loma a hannu?

Ya zare hannunsa. Ya karkaɗe ƙwayoyin shinkafar da suka manne a yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, a kan farantin. Sannan a karo na farko tun da ya sauka, ya ɗaga kai ya dubi Ya'ƙub ido cikin ido.

"Gidanmu mu ke ciyarwa, ba a ciyar da mu. Da baƙo kuka ba, da na ci. Ba zan ci abincin da aka ajiye wa mabaraci ba."

"Ukasha!" Fatna ta kira daga lungu, ba ta damu da wa ke ji ba. "Loma ɗaya ce! Rabu da shi, haka yake yi wa kowa. Loma ɗaya!"

Ya ji ta sarai. Ya jawo buta ya wanke hannu.

Girman kai rawanin tsiya, in ji mutanen da. Ba a ce Ya'ƙub ya kyauta ba, bakinsa ya yi wari kuma Allah na ganinsa. Amma ba Ya'ƙub ne ya tashi tun asuba ya kankare kwakwa ba, ba kuma shi aka zo aure ba. Wannan ne abin da zuciya ta hana yaron gani.

Uwar Fatna ta ratso maza ta shigo tsakiyar fili, abin da mata ba su cika yi ba a wurin. Ba ta dubi wanta ba, ba ta dubi baƙon ba. Ta sunkuya ta ɗauki farantinta, ta ɗora a ka. Ta yi magana gajeriya, muryarta ba ta ko rawa, ta juya.

Ya'ƙub bai fassara ba. Fatna ce ta fassara, daga inda take tsaye, da Larabcin da suka saba hira da shi a bakin Nilu.

"Ta ce sau biyu ta ba ka, ba ta ba mutum sau uku." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Khalas, shi ke nan, ya Ukasha. Ka tafi."

Ta bi bayan uwarta, lungu ya haɗiye su.

Aka kira la'asar. Maza suka tashi suka shige masallaci, aka bar shi shi kaɗai a kan tabarma, har mai tabarmar ya zo ya tsaya a kansa, ya tashi, aka naɗe. Wani ya fito masa da jakarsa ya jingine ta a bakin hanya. Hadari ya taso daga kan dutse, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mai ɗumi, ba iska. Ba wanda ya ce ya shigo ya fake. Ya yi sallarsa a gefen titi a kan baƙin dutse, ruwa na dukan bayansa.

Motar ta zo a cike. Direba ya leƙo ya ce, "Moroni?" Ukasha ya waiwaya ya dubi bakin lungun. Ba kowa, sai ruwa da ke gangarowa yana jan ɓawon kwakwa. Aka matsa masa rabin kujera kusa da wani mai kwandon kifi, ya shiga, ya ɗora jakar a cinya, ya ja ƙofa har sau biyu kafin ta kama.